Musayar Waƙa: Zafin Bana Ya Wuce na Bara

Ɗan Ƙofar Sauri (Talata, 9:14 na dare):
Salamu alaikum 'yan zaure. Bana sau biyu na yi shuka a gonarmu ta hanyar Jibiya, tiya uku ta iri ta tafi a banza. Ga abin da ya zo min ina zaune gindin bedi. Babban amsa-amon, wato sautin ƙarshen kowane baiti, "ra" ne, mai iyawa ya ɗauka.

Ruwan farko ya ruɗe ni,
Na kai iri ya yaudare ni,
Kwana ashirin ya guje ni,
Tsiron ya ƙone, sai ƙura.

Hayaƙin mota da masana'anta,
Shi ya rufe sama ya toshe ta,
Zafin rana in ya shige ta,
Ba ya fita sai dai ya ƙara.

Bakin Kusugu (9:31):
Kai ɗan Sauri rage sauri,
Tun kakanni ake fari,
Kai ne ka yi shuka da wuri,
Ka ɗora laifi kan bazara.

Ran Kakalaba wa ke da mota?
Wace masana'anta aka kafa ta?
Yunwa ta zo ta yi ɓarnarta,
Babu hayaƙi sai na kara.

Zafi da sanyi na Allah ne,
Batun ɗumama ciniki ne,
Masu faɗa 'yan kwangila ne,
Dala suke nema da naira.

Ɗan Ƙofar Sauri (9:40):
Baba ina gonarka take?
Fuloti ce ka yayyanke,
Kuɗin ka cinye ka miƙe,
Me ka sani kan shukar bara?

'Yar Marusa (9:41):
Kai! Ta Dikko ɗakin kara! A kawo wa Baba ruwan randa, ya sha ya huce.

Jikan Magajiya (9:43):
Ruwan me? Daura tushen Hausa, can aka fara magana kafin ku koya. Baiti uku Baba ya jero cif, naku ya kasa amsa Kakalaba ya koma tonon asirin fuloti.

Malamar Jogirafi (10:05):
Baba, da girmanka, kan fari ka yi gaskiya. Yunwar Kakalaba ta 1914 ba mota ce ta kawo ta ba, kuma an sha na 1973, an sha na 1984. Abin da ake aunawa yanzu daban ne: iskar kabon da ke fita in an ƙona kwal da fetur da gas. Kafin zamanin injina kashi 280 ce cikin miliyan na iskar sama, yau ta haura 420. Hasken rana na ratsa ta ya shigo, amma zafin da ƙasa ke mayarwa sai ta riƙe shi, kamar mutum ya rufa da bargo a watan Afrilu. Ku tuna azumin 2024, lokacin da zafin garin Kayes na Mali ya wuce digiri 48.

Ma'aunin zafi ba ya ƙarya,
Ba ya cin hanci, ba ya jayayya,
Dubu biyu da ashirin da huɗu ta kafa tarihi a duniya,
Ƙanƙarar kan duwatsu na narkewa tana kwarara.

Mai Aruli (10:12):
Innalillahi. Malama, ɗangonki na farko gaɓa 9 ne, na uku gaɓa 21. Wannan ai layin gidan mai ne. Wane numfashi zai rera shi? Kai ma Baba, "ne, ne, ne" ba ƙaramin amsa-amo ba ne, ƙyuya ce.

Baiti in ya yi ɗingishi,
Ko gaskiya ce a cikinshi,
Kunne ba zai karɓe shi,
Sai an kai shi wurin gyara.

Malamar Jogirafi (10:20):
Malam kana ta ƙirga gaɓa,
Ko fartanya ba ka taɓa,
Karin da damina ta saɓa,
Shi ya fi nawa son gyara.

'Yar Marusa (10:21):
Allah Ya ƙara basira Malama! An tashi wasan.

Bakin Kusugu (10:34):
Yaro, ina rera waƙa a soron makarantar allo tun ba a yanke maka cibiya ba. Waƙar Hausa da kunne ake auna ta. Ma'aunin Halilu, wato aruli mai auna karin waƙa, na Larabawa ne, ka bar musu kayansu.

Mai Aruli (10:36):
Allah Ya huci zuciyar Baba. Malaman jihadi da suka yi mana waƙoƙin wa'azi da ajami, ai kan karuruwan Larabci irin su Basiɗ da Kamil da Mutaƙarab suka ɗora su. Su ma yara ne?

Jikan Magajiya (10:37):
To kai naka a wane kari yake? "Kunne ba zai karɓe shi" ya gaza ɗan'uwansa da gaɓa ɗaya, na ƙirga da yatsa.

Mai Aruli (10:38):
Ana auna nauyin gaɓa ne, doguwa da gajeruwa, ba ƙirgan goro ake ba.

Malamar Jogirafi (10:39):
Amma ni ƙirgan goron ka yi min.

Mai Zaure (10:52):
Jama'a, an bar zafi an koma Basiɗ. Saƙo goma sha ɗaya na goge na wannan gardamar. A koma kan "ra".

Gardin Gobarau (Laraba, bayan asuba):
Baba ka ce na Allah ne, ba mai ja. Amma a duba Suratur Rum, aya ta 41, kan ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Ikon Allah babu musu,
Amma bayi da hannunsu,
Sun sare ƙirya da gawonsu,
Sun buɗe ƙofa ga Sahara.

Mai gawayi ina jin ka,
Dajin Rugu ya san sararka,
Buhu buhu a kan motarka,
Inuwarmu ka maida naira.

Na Bakin Dam (Laraba, 2:10 na rana):
Ku na kukan fari. Mu a Jibiya Yulin 2018 ba ya fita ranmu, rayuka da dama suka salwanta.

Mu nan Jibiya mun ga ruwa,
Dare guda ya ci unguwa,
Wata shekarar kuma ƙishirwa,
Ba a san inda za a dogara.

Mai Gawayi (Juma'a, 4:47 na yamma):
Sai yau na samu caji, na tarar an yi min shari'a a bayan ido. Kuma Rugun da Gardi ya ambata, wa ya isa ya shiga da gatari yanzu?

Gardi da me ake ma tuwo?
Kuɗin gas wa zai kawo?
Gidanka jiya aka zo sawo,
Buhu guda, bashi ya saura.

Sin da Amurka ke hayaƙi,
Ni aka gani don na yi baƙi,
Je Neja Delta ka yi yaƙi,
Can gas ke ƙuna a asara.

Malamar Jogirafi (5:02):
A nan Mai Gawayi na da hujja: Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Sai dai gawon da ka sare, gonarmu ce ke rasa takinsa, ba ta Sinawa ba. Katsina na cikin jihohi 11 da aka sa a shirin katangar itatuwa don tare hamada, wasu na dasawa kana bin baya da buhu.

Bakin Kusugu (Asabar, 6:15 na safe):
Hunturun bana gajere ne,
Bargon yana cikin jaka ne,
Amma batunku zargi ne,
Ban sauka ba, ina Daura.

Mai Aruli (6:16):
Da gangan Baba ya yi. Na yi shiru.

Ɗan Ƙofar Sauri (6:58):
Hadari ya haɗo ta gabas, na tafi gona shuka ta uku. Wa ke da tiya biyu ta gero mai saurin nuna? Baba, in akwai a kasuwar Mai'aduwa gobe, a ɗoro min a motar Katsina, zan biya direba.