Mesata ta kwanta cikin ruwa baki buɗe, ku ba ni shawara

Na Ƙofar Marusa: Slm jama'ar zaure, dan Allah a taimaka da sauri. Ƙaramar mesar nan tawa da na taɓa turo maku hotonta, irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wata biyar kenan tana wurina lafiya lau. Yau na dawo makaranta wajen ƙarfe uku na iske ta cusa jikinta duka cikin kwanon ruwanta baki buɗe, ɓeran da ta haɗiye shekaranjiya ta amayo shi ɗakin duk ya ɗauki wari, da na ɗauko ta sai ta riƙa ɗaga kai sama tana murɗa shi baya kamar za ta kife. Wlh hankalina ya tashi. Mi ke damunta?

Admin: Wslm. Subhanallahi. Likita ko kuna kusa?

Likita: Ina nan. Ƙanena amsa mani abu uku. A cikin mi take, ina ka aje abin, kuma ka sa mata wani abin ɗumi?

Na Ƙofar Marusa: Akwatin gilashi ne Likita, bisa tebur gab da taga, ɗakin kuma kwano ne ba silin. Akwai ƙwan fitila mai ɗumi da na rataya mata, haka na ga Turawa na yi a YouTube. Da safe ba wuta shi ya sa ban kula na kashe ba, ashe an kawo wajen sha ɗaya

Likita: To ka gasa ta kenan. Zafi ne. Cire soket ɗin yanzun nan, ka fidda ta daga gilashin. Ka samu roba ka zuba ruwa ɗan kaɗan wanda ba zai rufe mata baya ba, ruwan da in ka sa hannu ba ka jin sanyi ba ka jin zafi, ka sa ta ciki kamar minti 15 kana tallafe da kanta kar ya nutse, don a halin da take tana iya shaƙar ruwa. Daga nan ka kai ta ɗaki mafi sanyi a gidan, ƙasa ba bisa tebur ba, wuri mai duhu, ka ƙyale ta. Kar ka yi ta jagwalgwala ta kana duba ko ta warke.

Autan zaure: Ka zuba mata ƙanƙara kawai yaya, ko ka sa ta firij na minti biyu ta wartsake

Likita: A'a a'a. Kar ka kuskura. Auta goge wannan kar wani ya gani ya ɗauka. Jikin da ya yi zafi haka in ka buga mashi sanyi farat ɗaya kana iya ƙarasa shi. A hankali ake saukar da zafin.

Autan zaure: Tuba nake Likita, na goge hhh

Gardin Daura: Yaro ka ji abin da Likita ya ce, gaskiya ne. Ni shekara ta fi talatin ina hannu da waɗannan halittu, gadonmu ne, kuma ban taɓa rasa maciji don sanyi ba amma zafi ya kashe mani ba ɗaya ba ba biyu ba. Wadda ta fi yi mani ciwo wata gamsheƙa ce da na daɗe da ita, za mu kasuwar Mai'aduwa da bazara sai direba ya ce shi ba zai ɗauki kwando gaban mota ba fasinja na tsoro, aka sa a but. Tafiyar ba nisa, amma an tsaya hanya ana gyaran taya. Da na buɗe kwandon ta sandare, baki hangame, jikinta da zafi kamar an tsamo ta daga tukunya. Tun ran nan in ba a yarda kwandona ya zauna ƙarƙashin ƙafata da jiƙaƙƙen buhu a kai ba, na fasa tafiyar.

Na Ƙofar Marusa: Allah sarki Baba. Ni fa na ɗauka maciji zafi yake so, ba shi ya sa suke fitowa da bazara ba?

Gardin Daura: Yaushe ka taɓa ganin maciji kwance fili da azahar a watan nan? Da dare suke fitowa ko in an fara yayyafi. Da rana yana ramin gafiya ko cikin suri ko ƙarƙashin tulin itace. Ko macijin da ake ba da labari a garinmu, wanda Bayajidda ya kashe, ai rijiyar Kusugu ya zaɓa ya zauna, bai hau bisa kwano ba

Admin: Hhhh Baba kun gama magana

Likita: Baba ya taɓo asalin abin. Maciji ba ya zufa kuma jikinshi ba ya daidaita zafi da kanshi kamar namu, zafin wurin da yake shi ne zafin jikinshi. A daji in ya ji ya yi yawa sai ya ja jiki ya shige rami. Kai ka sa shi akwati, ka rufe, ko'ina zafi ɗaya, ina zai gudu? Shi ya sa ka iske ta cikin ruwa, iyakar dabarar da ta rage mata kenan. Irin wannan mesar masu kiwonta na aje gefen ɗumi wajen digiri 31 zuwa 32, gefen sanyi kuma 25 zuwa 27. In akwatin duka ya haura 35 an shiga haɗari, ya kai 40 kuwa ba ta daɗewa. To mu nan Katsina a Afirilu da Mayu inuwa kanta tana kai 40 har ta wuce, ka ƙara kwano, ka ƙara gilashi da rana ke bugu ta taga, ka ƙara ƙwan fitila. Mota rufe cikin rana tana wuce digiri 60, abin da ya samu gamsheƙar Baba kenan. Su Turawan da kake kallo a Ingila ko Amurka suke, ɗakinsu bai fi digiri 20 ba, dole su nemi ɗumi. Kai taka matsalar akasin tasu ce.

Na Ƙofar Marusa: Wlh ban taɓa auna zafin ba, ba ni ma da abin awon

Likita: Wannan shi ne babban kuskuren, ya fi na fitilar. Ka sayi ma'aunin zafi na dijital mai igiya, irin wanda masu ƙyanƙyasar ƙwai ke sawa a inkubeta, masu saida kayan kaji na da shi. Biyu za ka saya, ɗaya kowane gefe, kuma bakin igiyar ya taɓa ƙasan akwatin inda take kwanciya ba sama ba. Hannunka ba ma'auni ba ne, abin da kai za ka ji ɗumi-ɗumi ita ya riga ya yi mata yawa.

Hajiyar Layout: Ni dai ba na kiwon maciji, Allah ya tsare ni, zomaye da talo-talo ne nawa, amma zafi ɗaya ne ke kashe mana su. Ɗana ka nemi ƙaramar tukunyar ƙasa, sabuwa ba mai fenti ba, ka fasa mata ƴar ƙofa a baki ka goge kaifin da dutse, ka kife ta gefe ɗaya bisa yashi mai ɗan damshi, kullum da hantsi ka yayyafa mata ruwa ta waje. Cikinta sanyi kamar gindin randa. Zomayena can suke wuni. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi ce ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakani don aje tumatir da yalo, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ruwan na bushewa yana tafiya da zafin, kuma busasshiyar iskarmu ta nan ita ta fi dacewa da abin.

Likita: Na goyi bayan Hajiya ɗari bisa ɗari. Har wata riba gare ta, tana ƙara laima, ita wannan mesar asalinta daga wuraren da suka fi nan laima ne irin su kudancin ƙasar nan da Benin da Togo da Gana, tana son laimar iska kashi 50 zuwa 60, in ta rasa sai saɓa ta riƙa maƙale mata har a ido. Sai dai yashin damshi kawai, kar ya zama caɓi, kwanciya cikin jiƙa kullum na ruɓar da fatar ciki.

Mai Sola na Rafindadi: In na kunna mata fanka fa? Ina da ƴan ƙanana na DC masu aiki da batir, ba ruwansu da NEPA

Likita: Fanka kai take wa amfani don kana zufa. Ita iskar zafi kawai za ka kaɗa mata. Amma in ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul bisa rabin murfin ragar ka sa fankar ta riƙa bugun tawul ɗin, to nan ta yi aiki. Ko fiya wata mai ƙanƙara a naɗe shi da tsumma a ɗora bisa murfi gefe ɗaya, ba ciki ba inda za ta taɓa shi.

Mai Sola na Rafindadi: To na gane. Wanda ke so ya yi mani magana ta gefe kar admin ya ce na kawo talla

Admin: Ka dai riga ka kawo

Gardin Daura: Duk wannan fama da kun bar ɗakin ƙasa ne. Mu soro muke aje su, kwando bisa daɓe, kusa da randa, ba fanka ba komi. Yaro gidanku ba sauran ɗakin ƙasa?

Na Ƙofar Marusa: Akwai na Kaka a ƙurya Baba amma in ta ji an kai mata maciji ɗaki yau sai na kwana waje

Malam na Ƙofar Sauri: Ni tun farko ban ga abin sha'awa a kiwon maciji ba, na faɗa a zauren nan kuma ban canza ba. Amma tunda ka riga ka tsare ta, haƙƙinta na wuyanka. Ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba ba ta sake ta ba. In ka ga ba za ka iya ba ka ba wanda zai iya, kuma ka ji tsoron Allah kan maƙwabta, murfin nan ya zama mai makulli.

Na Ƙofar Marusa: Na ji Malam, na gode. Ba ta da dafi dai, amma zan sa kwaɗo

Autan zaure: Ni kububuwa nake so na fara ajewa, ƴar ƙarama ce ba ta cin wuri

Gardin Daura: Kai yaro rufa wa uwarka asiri. Ni da na gada ba na wasa da kububuwa. Je ka Kaltungo ka ga asibitin da aka ware don saran maciji, ka tambaya wace ce ta fi cika masu gadaje

Autan zaure: Wasa nake Baba 🙏

Na Ƙofar Marusa: Likita na yi yadda kuka ce. Ta rufe bakin, tana fidda harshe yanzu, amma kan har yanzu yana ɗan karkacewa. In ba ta wani ɓeran tunda ta amayar da wancan?

Likita: Kar ka ba ta komi sai bayan sati biyu, amai na ƙona masu maƙogwaro, in ka yi gaggawa za ta sake amayarwa. Wannan irin tana iya yin watanni ba ci ba abin da zai same ta. Kuma duk ranar da zafi ya tsananta a daina ciyarwa, abinci cikin ciki da zafi mai yawa su ke kawo aman. In lokacin ya yi ka fara da ƙarami, ba kuma ɓeran gida ba, mutane na zuba shinkafar ɓera ko'ina. Maganar kai kuwa ba zan ɓoye maka ba, zafi na taɓa ƙwaƙwalwa, wasu na dawowa daidai cikin kwanaki wasu haka za su zauna da karkacen har ƙarshen rayuwa, kuma akwai wasu cututtukan da ke kawo irin wannan alamar, don haka sai na gan ta da idona. Kawo ta gobe kafin takwas na safe, cikin jakar atamfa ko rigar filo ka ɗaure baki, ba leda ba, kuma kar ka rataya ta a mashin rana na dukanta.

Na Ƙofar Marusa: Insha Allah. Fitilar fa, in jefar?

Likita: Aje ta sai hunturu. Disamba da Janairu dare na yin sanyin da za ta buƙaci ɗumi, amma ko lokacin sai da na'urar nan mai kashe wuta da kanta in zafi ya kai inda ka saita, tamostat, ita ma masu inkubeta na da ita. Ba ita kar ka kunna.

Na Ƙofar Marusa: Jama'a barkanmu da safiya. Mun dawo daga wurin Likita. Ta sha ruwa da kanta, ta dunƙule da na taɓa ta, kan ya ragu amma bai miƙe duka ba, ya ce mu ba ta sati. Na sayo ma'aunin, na gwada shi inda akwatin yake jiya ba fitila ma, sha ɗaya da rabi ya nuna 38. Yanzu tana sito bisa siminti, can 30 ne.

Hajiyar Layout: Tukunyar fa?

Na Ƙofar Marusa: Na ɗauki ta Umma ta turaren wuta na fasa mata ƙofa Hajiya, yanzu haka ana shari'a tsakar gida. Nawa ake saida sabuwa?