Wa ya koyi sabon aiki bayan ya haura hamsin?

Ɗan Bompai: Assalamu alaikum. Shekaruna 53. Shekara 21 na yi ina kula da sito a wani kamfani a Bompai, bara aka rage ma'aikata, sallamar ta biyo ta kaina. Duk tallar aikin da na gani matasa ake nema, ko shirin gwamnati na N-Power, lokacin da ake ɗiba, 'yan shekara 18 zuwa 35 ya tsaya. Yara uku gare ni a sakandare. Don Allah ba nasiha nake nema ba, wanda abin ya taɓa cin sa nake so ya gaya mini yadda ya yi.

Tsohon Masaƙi: Wa alaikumussalam, Malam. Ni a Kakuri nake gyaran injin saƙa har masaƙarmu ta rufe. Shekaru na yi ina buga-buga, har acaɓa na taɓa, gwiwa ta ce ba ta yarda ba. Da sola ta fara yawa sai na je wajen wani yaro mai haɗa ta, sa'an ɗana na fari, na ce ya koya mini. Wutar ba ta ba ni wahala ba, wanda ya sha fama da injin masaƙa ba zai ji tsoron inbata da batir ba. Abin da ya kusa kore ni shi ne ranar da ya ce, a gaban mai gida, "Baba, ɗauko mini tsani." Na yi tsaye kamar an dasa ni. Da dare na ba uwargida labari, ta ce to tsanin ne zai ci maka mutunci ko bashin mai shago? Washegari na riga shi zuwa.

Wata bakwai na yi a ƙarƙashinsa. Yanzu albashi nake karɓa a wani ƙaramin kamfanin sola, kuma ka san abin da ya sa suka ɗauke ni? Gidajen da aka rubuta "ba a shiga". Mai gida ba zai bar samari uku cikin iyalinsa ya tafi kasuwa ba, amma in ya ga furfura sai ya saki jiki. Yaran su hau rufi su ɗaura faranti, ni ina ƙasa ina haɗa waya.

Maman Biyu: Ni ban rasa aiki ba, ritaya ce ta zo da wuri. Na shiga aikin gwamnati ina da 19, to dokar shekara 35 ta aiki ta riga ta shekara 60 ta haihuwa kama ni, na fita ina da 54 da ƙarfina. Da tafireta na fara. 'Yata ce ta zaunar da ni kullum bayan isha'i ta koya mini Excel, manhajar lissafi a kwamfuta, tana yi tana tsaki, ina haƙuri. Yau ni ke riƙe da lissafin kuɗin makaranta a wata makarantar kuɗi a unguwarmu. Ba su nemi satifiket ba, limaminmu ne ya tsaya mini. Albashin dai bai kai dubu 70 ɗin da gwamnati ta yanke a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba, kada in yi maka ƙarya.

Kofur Mai Ritaya: Mu sojoji kafin mu fita akan tura mu cibiyar koyon sana'a ta Oshodi a Legas. Kiwon kaji na koya, kuma an koyar da kyau. Ni na yi gaggawa, na zuba 'yan tsaki da yawa ana tsakiyar zafin Afrilu, rabi suka mutu. Yanzu shugaban masu gadi ne ni a wani asibiti. Kakin da na cire shi ya sama mini aikin, ba kajin ba.

Baban Gwale: Ku yi hattara da horon sati biyu na lokacin zaɓe. Na je ɗaya, aka ba mu riga da takarda, aka ɗauki hoto. Takardar tana nan ƙarƙashin katifa.

Maman Biyu: Baban Gwale ka sa ni dariya. Amma Malam Ɗan Bompai, ka leƙa ofishin NDE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, suna da shi a kowace jiha, kuma sukan haɗa mai koyo da ƙwararren mai sana'a ya zauna a shagonsa. Sai dai wanda ya yi shekara 21 yana ƙirga kaya bai kamata ya fara daga tushe ba. 'Yan kasuwar Singa da Kantin Kwari kullum kukan rashin yaron shago mai amana suke. Ka koyi shigar da lissafin kaya a kwamfuta kawai.

Ɗan Bompai: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ɗana na tsakiya ya iya Excel ɗin, kunyar tambayarsa nake ji. Tsohon Masaƙi, a wata bakwan nan yaron yana ba ka ko na mota, ko da aljihunka ka yi ta zuwa?