'Yata wata huɗu da larurar Down: in jira shirin gwamnati ko in biya daga aljihu?

Maman Hanan: Assalamu alaikum. A Amurka muke. 'Yata wata huɗu, an haife ta da larurar Down (wadda ke jawo jinkirin girma da koyo). An yi hoton zuciya, lafiya lau alhamdu lillahi, amma jikinta ba ƙwari, wuya bai tsaya ba, nono ma da ƙyar take kamawa. Likita ya tura sunanmu shirin gwamnati na yara 'yan ƙasa da shekara 3, yau mako uku shiru. Akwai likitar gashi (mai motsa gaɓoɓi don jiki ya yi ƙwari) mai zaman kanta da za ta fara mana mako mai zuwa, sai dai inshora ba za ta biya duka ba. In jira ko in biya?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, maza a duba zuciyarta. Kusan rabin yaran nan da matsalar zuciya ake haifar su.

Maman Hanan: An duba, Hajiya, na faɗa a sama.

Abban Sadik: Kada ki zauna jiran waya, ke ki kira su. Dokar tarayya ta IDEA, sashen C, ta ba su kwana 45 daga ranar da aka tura suna su auna yarinya, su zauna da ku a tsara abin da za a yi mata. Ba sai kin tabbatar musu tana baya ba, larurar kanta ta isa. Mu har falo ake zuwa mana, ko kwabo ba mu biya ba.

Ummu Zahra: Ko kwabo? Mu duk wata sai takardar biya ta zo.

Abban Sadik: To an cuce ku.

Ummu Zahra: Ba wanda ya cuce mu, malam. Awo da tsara shiri da jami'in da ke bin lamarin yaro, su ne kyauta ko'ina. Gashi da koyar da magana kuwa, wasu jihohi na karɓar kuɗi gwargwadon albashi. Jiharka ba ita ce Amurka ba.

Maman 'Yan Biyu: Ku bar zancen kwana 45. Mu a kwana 40 aka zauna da mu, aka rubuta takarda mai kyau, gashi sau ɗaya a mako. Daga nan aka ce babu ma'aikaci a yankinmu. Wata bakwai ina kira. Da aka samu ɗaya, ta zo sau huɗu ta ajiye aiki, wai abin da ake biyanta bai kai wahalar tuƙi ba. Ɗana bai taka ƙafa ba sai da ya kusa shekara uku, ranar da ya cika ukun kuma aka rufe fayil, aka ce mu koma wajen hukumar makarantu mu fara daga farko. Har yau in na tuna watannin nan da na zauna ina kallon waya, zuciyata zafi take. Ki biya, ko da bashi ne.

Dakta Auwal: Allah ya saka miki, amma kada ki ɗora wa kanki. Yaran nan galibi wajen shekara 2 suke tafiya, wasu har 3 ko 4, ko da gashi. Maman Hanan, ba lallai ki zaɓi ɗaya ba. Ki biya zama biyu ko uku a nuna miki yadda za ki riƙa kifa ta da yadda za ki riƙe ta wajen shayarwa, sunanki kuma na kan layi. A duba ji da tayirod (wata halitta a maƙogwaro mai taimaka wa girman jiki) a wata shida.

Maman 'Yan Biyu: Dakta, likitan yara ne kai?

Dakta Auwal: Na haƙori.

Baban Gida: To yarinyar ko haƙori ɗaya ba ta fitar ba, Dakta ka dawo baɗi 😂

Ummu Zahra: Ku bar shi, abin da ya faɗa shi likitanmu ya faɗa. Wanda bai yi raino ba ma yana iya sanin gaskiya.

Anti Rabi: Mu a Ingila akwai Portage, ma'aikaciya ke zuwa gida ta koya wa uwa wasanni da yaro, kyauta. Layin mai koyar da magana ne dai ba ya motsi. Da muka samu kuma, sai ta ce in daina yi masa Hausa, wai zai ruɗe.

Maman 'Yan Biyu: Haka tamu ta ce! Na bi maganarta shekara guda, yanzu kakarsa ta kira a waya ba ya gane ko "ina kwana".

Ummu Zahra: Tamu cewa ta yi mu ci gaba da harshe biyu, mu haɗa da alamun hannu. Zahra da hannu ta fara cewa "ƙari" kafin baki ya buɗe.

Maman Hanan: Na kira su ɗazu, wai takardar likita ba ta iso ba, sai yau suka rubuta sunanmu. Abban Sadik, kwana 45 ɗin daga yau ke nan, ko daga wancan lokacin?

Anti Rabi: Ummu Zahra, alamun hannun a wata nawa kuka fara?