Ga Goyo Ga Ciki: Abin da Aka Tattara

Tambayar ita ce: yaya uwa za ta yi in ta samu ciki tana goyo? Ga shawarwarin da aka bayar.

1. Yaye: a nan aka rabu. Wasu sun ce a cire yaro daga nono da zarar ciki ya bayyana. Masu aikin jinya sun ce nonon mai ciki ba ya cutarwa, sai dai in akwai zubar jini ko an taɓa haihuwar bakwaini. Kowa ya yarda kada a yaye rana ɗaya: a fara rage shan rana, a ƙara kunun gyaɗa, ƙwai da wake.

2. In za a ɗaga yaron, a durƙusa, kada a sunkuya.

3. Gidan sauro kullum, da Fansidar (maganin kare mai ciki daga zazzaɓin cizon sauro) a wajen awo daga wata na 4.

4. A raba shimfiɗa da yaron tun kafin haihuwa, kada ya ɗauka jariri ne ya kore shi. Kai shi gidan kaka kuwa, yawanci ba su so ba.