Lissafin yanka na Excel ya ƙi shiga MaxCut, a taimaka

Kafinta_Naibawa:
Salam ma'abota wannan zaure. Don Allah waɗanda suka san harkar kwamfuta ku ceto ni. Na samu kwangilar kicin kabinet da wadrob na gida guda, guntaye sun yi yawa ba zan iya zama da biro ina zana yadda za a yanka kowane allo ba, sai yarona ya sa min MaxCut, manhajar tsara yankan allo, a laftof. Mun rubuta komai a Excel, tsawo, faɗi, adadi, mun yi sabin a CSV, irin fayil ɗin da manhajar ke karɓa, kamar yadda aka ce amma da mun shigo da shi sai komai ya cunkushe a layi ɗaya, wasu awon ma sun koma kwanan wata wallahi. Allon MDF ne mai kaurin milimita 18, ƙafa takwas da huɗu. Ina matsalar take?

Dan_Maradi:
Wa'alaikumussalam oga. Kafin komai buɗe fayil ɗin da Notepad ba da Excel ba, ka duba abin da ke tsakanin lambobin, waƙafi (,) ne ko waƙafi mai ɗigo a sama (;). Mu nan Nijar kullum muna fama da wannan saboda kwamfutocinmu da Faransanci suke, Excel ɗin yana raba awo da mai ɗigon tunda shi waƙafi zalla a wajensu na ɓangaren lamba ne, 18,5 maimakon 18.5. In laftof ɗinka tokumbo ce daga Turai to ba mamaki haka saitinta ya zo. Ko dai wajen shigarwa ka gaya wa manhajar wace alama ce ke rabawa, ko ka shiga Control Panel, Region, Additional settings ka canja List separator zuwa waƙafi, Decimal symbol kuma zuwa ɗigo, sannan ka sake sabin.

Injiniya_KD:
Maganar Dan_Maradi haka take. Shi kuma kwanan watan inci ne ya jawo, in ka rubuta 1/2 ko 5/8 Excel gani yake wata da rana kake nufi. Ku bar inci haka nan jama'a, a koma milimita, inci ɗaya 25.4 ne, allon takwas da huɗu kuma 2440 da 1220. Lamba zalla, kar a sa mm a gefenta.
Sannan teburin ya zama fes, layin farko sunaye, kowane guntu da layinsa, babu haɗe gidaje babu jimla a ƙasa babu "na ɗakin Hajiya" a tsakiya. Sunan allo ma iri ɗaya, in ka rubuta MDF18 fari a sama a ƙasa ka sa Fari MDF 18 to manhaja allo biyu daban ta gani, kowanne sai ta buɗe masa sabon allo, kuɗinka ne ke tafiya.
Inda mutane suka fi ƙonewa shi ne zanen katako. Farin allo a juya shi ta ko'ina ba komai, amma mai zanen itace dole ka kulle juyawa kuma tsawo ya bi zanen, in ba haka ba manhaja za ta kwantar da ƙofa ɗaya don ta rage asara, ka zo haɗa wadrob ka ga ƙofa biyu zanensu a tsaye ta ukun a kwance. Mai gida ba zai karɓa ba kuma da gaskiyarsa.
In da manhajar SketchUp kuke zane akwai OpenCutList da ake ƙara mata, kyauta ne, shi zai fitar maka da CSV ɗin da kansa ba sai an yi ta bugawa da hannu ba.

Baba_Mai_Zarto:
Yara kun yi ta maganar kwamfuta ba wanda ya tambayi zarton. Ɗana, kaurin haƙorin zarton injin da za ka kai yankan nawa ne? Galibi milimita 3.2 ne a injin tebur mai zamiya, manyan injina sun fi haka. In ka bar wurin kaurin zarto a sifili manhajar za ta ce maka guntu huɗu na 610 sun fita a 2440, ƙarya ne, yanka uku sun cinye kusan milimita 10. Kuma ka sa tef ka auna allon da ka sayo, bakinsa yakan zo a daddauje, ka ware kamar milimita 10 na gyaran baki. Sai tef ɗin da ake mannawa a bakin allo, ƙofa 720 da 450 in za a manna mai kaurin 1 a duk gefe huɗu to 718 da 448 za a yanka, sai dai ka tabbata wuri ɗaya aka cire, ko a Excel ko a manhajar, kar a cire sau biyu.

Kafinta_Naibawa:
Allah ya saka da alheri, mai ɗigon ne kuwa, ya shiga yanzu. Baba na kira mai injin ya ce 3.2 ne. Amma ya ce injinsa na manna tef yana ɗan aske baki kafin ya manna, kenan in bar awon yadda yake kar in cire komai?

Baba_Mai_Zarto:
Tambaye shi nawa yake askewa. In 1 ne kuma tef ɗinka 1 ne, bar shi 720 da 450.