Wa ya koya wa manoman Maraɗi barin toho?

Na Jibiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Raina a ɓace yake. Shekara biyu ina barin tohon kalgo da sabara a gonata, ina rage rassan in bar biyu ko uku masu ƙarfi. Jiya na tarar an sare su tas, har da ɗan gawon da ya kai kafaɗata. Na kai ƙara gun mai unguwa, ya ce itacen daji ba shi da ubangida. Na kira taro bayan Juma'a, mutum huɗu suka tsaya. Ga Maraɗi nan hancinmu, tun da Bature Tony Rinaudo ya koya musu sassabin zamani, wato barin toho a gona, a 1983, gari guda ke haɗuwa su tsare itatuwansu. Mu me ya hana mu haɗa kai?

Badamagare: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Amma ka janye kalmar "koya". Wa ya koya wa wa? Kakanninmu sun san gawo yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani dabbobi su ci 'ya'yansa. Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saren gawo tun kafin Faransa ta shigo ƙasar.

Malamin Gona: Ranka ya daɗe, sani daban, aiki da shi daban. In an sani, me ya sa gonaki suka zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi sai an sake shuka sau biyu ko uku? Mutumin nan ɗan Ostireliya ne, dashe ya fara yi, yawanci ya mutu. Sai ya lura kututturen da ake sassabewa kowace shekara saiwarsu na da rai. Lokacin yunwar 1984 aka ba mutane abinci da sharaɗin barin toho. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka samu itacen girki da na sayarwa, maƙwabta suka gani suka bi. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa suka dawo a Nijar.

Badamagare: Ka faɗa da bakinka, maƙwabta suka gani suka bi. Ina koyarwa a nan? Matameye da Magarya sun cika da gawo, wane Bature ya bi su gona gona?

Baban Hafsa: Duk abin kirki sai a ce Bature. Mun raina kanmu, shi ya sa aka raina mu.

Malamin Gona: Yaba wanda ya yi aiki ba raina kai ba ne. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Shi ma Bature ne?

Hajiya Uwani: Ku maza kuna ta "koya", mu da ke yawon itace ba wanda ya tambaye mu. Ɗana Na Jibiya, wataƙila ma wadda ta sare maka ba ta da abin hura wuta ne. Kun san kuɗin gas kuwa?

Na Jibiya: Hajiya, sara ne na gatari, ba aikin mace ba ne. Masu gawayi nake zargi.

Ɗan Ruga: Gara da ka ce masu gawayi. Na san saura kaɗan a ce makiyaya.

Baban Hafsa: Ba wanda ya ambace ku. Amma tunda ka taso da ita, wa ke hawa gawo da rani yana sassare rassa wa shanu?

Ɗan Ruga: Wa ya nome burtali? Fara amsa wannan.

Bamaraɗe: Ku tsaya. Ni haifaffen wajen ne. Da can itace na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji na cin mutum tara a kan itacen gonarsa, to wa zai raini abin da ba nasa ba? Da aka sassauta, manomi ya san nasa ne. A Dan Saga ta yankin Aguie kwamiti suka kafa, har da mata da makiyaya a ciki, wanda aka kama ya biya tara.

Baban Hafsa: Ku kullum Nijar ta fi. Ai Maraɗin ma Katsinawa suka kafa ta.

Bamaraɗe: Katsinawan da jihadi ya koro, har gobe Sarkin Katsina muke kiran sarkinmu. Me ya haɗa wannan da kalgo?

Badamagare: Ni dai har yanzu ba a janye kalmar ba.

Shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: an tabbatar barin gawo gadonmu ne, Damagaram ta riga kowa, kuma manoma ne suka yaɗa abin da kansu. Malamin Gona ya kawo shekaru da alƙaluma amma bai nuna mana abin da Baturen ya zo da shi wanda babu shi a ƙasar ba. Maganar burtali a bar ta sai wani zama. Na Jibiya, ka yi haƙuri, ka gyara kalmarka.

Na Jibiya: Na ji, Shugaba. Bamaraɗe, don Allah ka kira ni gobe, ina son jin yadda ake zaɓen 'yan kwamitin nan da nawa ne tarar.