Dan Allah me za mu kira koral da kuma farin da yake yi? Shirin gobe ne

Mai shiri: Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman taimako cikin gaggawa. Gobe Asabar ƙarfe 10 na safe zan shiga shirinmu na kimiyya a rediyo nan Gombe, kuma baƙon namu kawuna ne, ya daɗe yana aiki a Jidda ya dawo da son kiwon halittun teku a akwatin gilashi a falonsa. Tun da zafin Afrilu ya shigo abubuwan nan da Turawa ke ce wa koral suke ta yin fari suna mutu masa, shi ne na ce mu yi shiri a kai mu haɗa da abin da ke faruwa a tekunan duniya. Kalmomi ne suka tsayar da ni. Me zan ce wa koral ɗin kansa, musamman mai taurin nan, sannan me zan ce wa farin da yake yi? In na ce bilicin wallahi man shafawa masu sauraro za su ɗauka.

Malamin Hausa daga Bauchi: Wa alaikumus salam ƴata. Ta farkon ai ba ta buƙatar nema, murjani ne. Kakanninki sun ɗaura shi a wuya, kuma duk wanda ya karanta Suratur Rahman ya san lu'ulu'u da marjan da ake fitarwa daga teku. Kada ki kuskura ki ce koral a iska.

Ɗalibin kimiyya: Allah gafarta Malam, da ɗan gyara. Murjanin da iyayenmu mata ke sawa, in na asali ne ba roba ko gilashi ba, jan nan ne da ake cirowa a Bahar Rum, kuma ba dangi ɗaya ba ne da masu gina tudu a teku irin su Acropora da Montipora. Shi jan ba ya dogara da hasken rana, su kuwa waɗannan akwai wata ƴar gansakuka da ido ba ya gani zaune a cikin namansu, ita ke sarrafa haske ta ba su mafi yawan abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Amma dai Larabawa duk marjan suke ce musu, don haka ba na ƙin kalmar, sai dai a ƙara mata wani abu.

Ɗan Azare: Ni fa ban ga dalilin zuwa aron Larabci ba. Abu ne kamar dutse amma yana da rai, to a ce dutse mai rai mana, ko a taƙaice dutsenrai. Yaro ma zai gane.

Mai shiri: Kawu bismillah, ga shi na sa ka a ciki, ka faɗa musu abin da ka faɗa min ɗazu.

Mai akwati: Sannunku da ƙoƙari. Ɗan'uwa na Azare, dutse mai rai ba zai yiwu ba, don a wannan harkar akwai wani abu daban da ake kira da hakan, shi ne dutsen da ake jerawa a ƙasan akwatin wanda ƙananan ƙwayoyin halitta ke zaune a ramukansa suna tace ƙazantar kifi. In ka ba koral wannan sunan ka haɗa abu biyu. Kuma shi ba dutse ba ne, dabba ce, ƴan ƙananan dabbobi ne dubbai manne da juna kowace da bakinta da ƴan hannuwa kewaye da bakin, su ne ke zuƙo sinadari daga ruwa su gina ƙashi a ƙarƙashinsu. Ƙashin nan sinadarinsa ɗaya da farin dutsen da ake haƙowa a Ashaka ana yin siminti.

Sannan ƴata abin da na fi so ki samo min shi ne kalma biyu ba ɗaya ba, don farin iri biyu ne kuma duk na gan su da idona. Na farko, ranar da aka ɗauke wuta tun safe batirin sola ya ƙare, ruwan da ya kamata ya tsaya digiri 25 zuwa 26 ya haura 31, bayan ƴan kwanaki sai na ga Montipora ɗina mai ruwan ƙasa yana ta haske har ya zama kamar alli, amma in ka matso da daddare ka haska za ka ga ƴan bakunan na nan suna motsi. Wannan yana da rai, gansakukar ce ya kora saboda wahala, namansa ya zama garai-garai kana hango ƙashi ta ciki. Na biyun kuwa laifina ne. Na auna ƙarfin kanwar ruwan, wato abin da ke hana shi yin tsami, na ga ya sauka 6 daga 8 da yake zama, hankalina ya tashi na zuba magani da yawa rana ɗaya ya kai 11, washegari na tashi Acropora naman na zamewa daga gindi zuwa sama kamar an zare riga, kafin la'asar sai farin ƙashi zalla. Wannan ya mutu, ba dawowa.

Malamar firamare: Na farkon ai koɗewa ne, kamar atamfar da rana ta ci. Na biyun kuma saɓulewa, yadda fata ke yi in ruwan zafi ya zuba wa mutum.

Ɗalibin kimiyya: Wallahi Anti kin gama magana. Koɗewar murjani. Har a labarai ma za ta zauna, a ce tudun murjanin Ostireliya ya sake koɗewa kamar yadda ya yi a 2016 da 2017 da 2020.

Malamin Hausa daga Bauchi: Ku dakata. Zanen da ya koɗe yana dawowa? Ba ya dawowa sai an kai shi marina. Alhaji kuma ya ce wannan in an gyara masa ruwa launinsa na iya komawa. Kun ga kalmar ta faɗi abin da ba haka ba. Ni da za a bi tawa dusashewa za a ce, don wuta kan dusashe a hura ta ta tashi, murya kan dusashe ta washe.

Mai shiri: Baba Malam na ji hujjarka, amma dusashewa a kunnena duhu take kawowa, shi kuma abin haske yake ƙarawa har ya yi fat.

Ɗan Azare: To a ce farin dutsenrai kawai.

Malamar firamare: Fari kuma? A rediyo manomi zai ji fari ya ɗauka rashin ruwan sama ake nufi ko farin dango. Kuma ai an riga an ce maka ba dutse ba ne.

Wani daga Kano: Ni shawarata kada ku yi gaggawar yanke wa Hausa kalma a nan. Akwai masana a Jami'ar Bayero da aikinsu kenan, a tura musu. In kowane gari zai ƙirƙiro tasa, gobe Gombe ta ce kaza Sakkwato ta ce kaza, ina daidaitacciyar Hausa? Balle ma yankinku da ake cewa mace ne, riga ne.

Malamin Hausa daga Bauchi: Yaro ka iya bakinka. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da Hausa, ɗalibaina na koyarwa a jami'o'in da kake faɗa. Kari ne, kowane harshe na da shi, kuma na Bauchi ba ɓatacciyar Hausa ba ce. Abubakar Tafawa Ɓalewa daga ina ya fito, akwai wanda ya taɓa raina bakinsa? Kalma ba a ofis ake haifarta ba, a bakin masu amfani da abin take fitowa, masana su zo daga baya su rubuta.

Wani daga Kano: Allah ya huci zuciyar Malam, ban yi don raini ba. Amma maganar daidaito tana nan.

Ɗan Azare: Ni abin da ke min ciwo duk wanda ya kawo kalmar Hausa zalla sai a ture, a ɗauki ta Larabci ko ta Turanci don ta fi kwarjini. Murjani aro ce, akwati ma aro ce, sai yaushe za mu yarda da namu?

Ɗalibin kimiyya: Yaya kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakin Bahaushe har ana raɗa wa ƴaƴa mata suna da ita ai ta zama tamu. Littafi da sabulu da alƙalami fa, mu mayar musu?

Mai shiri: Jama'a dan girman Allah ƙarfe 9 ta wuce ban rubuta komai ba. Mai taurin nan fa, murjanin dutse ko murjani mai ƙashi? Don akwai masu laushi da ba sa gina komai, dole in bambance.

Mai akwati: Mai ƙashi. In mutum ya ji ƙashi ya san akwai nama a kai, ya san abu ne mai ci yana girma yana buƙatar kalsiyam, nawa ina riƙe shi miligiram 420 zuwa 450 a kowace lita. Kuma ki bar min minti biyar a shirin in yi wa masu sha'awa gargaɗi, don abin da ya fi kashe su a garin nan zafi ne da sauyin gaggawa. Ruwa na ƙafewa da sauri a nan, gishiri kuma ba ya tafiya da tururi, sai ya yi ta ƙaruwa, ya kamata ya tsaya giram 35 a kowace lita, don haka tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa da shi kullum kaɗan kaɗan, ba ruwan burtsatse ba, shi na taɓa zubawa koren gansakuka ya rufe min gilashi. Wanda ya koɗe kuma a rage masa fitila, a sa fanka tana kaɗa saman ruwan, a bar shi ya huta makonni, kada a yi ta ɗaga shi ana sauya masa wuri. Wanda ya fara saɓulewa a yi maza a karye reshen da ke da sauran nama a ɗan sama da inda ciwon ya kai a manna shi wani wuri, wani lokaci a tsira da shi.

Malamin Hausa daga Bauchi: Alhaji wannan ƙarfin kanwa da ka ce ɗazu ban saki jiki da ita ba. Wani zai ji ya je kasuwa ya sayo jar kanwa ya zuba.

Mai akwati: Gaskiyarka Malam, kuma kanwar kasuwa da ƙasa da datti take zuwa, za ta kashe komai. Ni ma don ba ni da wata ne nake faɗin haka. In kana da wadda ta fi, bismillah.

Malamin Hausa daga Bauchi: Sai na kwana a kai. Murjani mai ƙashi na amince, saɓulewa ma ba laifi. Koɗewa kuwa ku yi da ita tunda kun fi yawa, amma ƴata ki faɗa a shirin cewa wannan koɗewar ana warkewa, kada ki bar mutane da ta zane. Ni dai a ajina dusashewa zan ce.

Ɗan Azare: Ni ma ina nan kan dutsenrai, za ku dawo kanta.

Mai shiri: Na gode Baba Malam, zan faɗa. Na rubuta murjani mai ƙashi, tudun murjani, koɗewa, saɓulewa, ƴar gansakukar cikin nama. Ta kanwar zan kewaye ta in ce sinadarin da ke hana ruwan yin tsami, sai ranar da ka kawo mana. Kawu gobe ƙarfe 9 na safe zan biyo in ɗauke ka.

Mai akwati: Allah ya kai mu. Bari in tashi, sun sake ɗauke wuta, zan je in jefa gorunan ƙanƙara a ruwan kafin ya hau.